Maza Za Su Hau Bisa

Aikin nan ya goge mini ranaku da yawa daga kai, amma ranar da ihun wani tsohon mai gadi ya tayar da allurar mitata, wannan kam ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo sana'ar sola yanzu kun tarar da ita ta zama ruwan dare, duk rufin da ka ɗaga kai sai ka ga gilashi yana ƙyalli. Mu a lokacinmu, wajen ƙarshen shekarun 1990, idan ka ce wa mutum za ka ɗebo masa wuta daga rana, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko lafiyarka ƙalau.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gusau ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, kowa na neman gida, kowa na neman wuta, ita kuwa wutar gari sai ta ga dama take leƙowa. Ina aiki a shagon Injiniya Garba. Shi ne mai shago, kuma babu aikin da ke fita sai da yardarsa. A ƙarƙashinsa akwai masu naɗin fanka da injin ruwa, sai mu masu jan waya a gidaje. Ni Lawali, daga Bunguɗu nake zuwa kullum a kan babur. Ni ne na dami Injiniya da zancen sola har ya gaji ya tura ni wani ɗan kwas a Kaduna. Na dawo da mita mai allura a cikin jaka, baki har kunne. Tun daga ranar abokan aiki suka raɗa mini suna Lawali Mai Rana, kuma ba don yabo ba.

Aikinmu na farko gidan Alhaji Ɗahiru ne, wani babban jami'i a ɗaya daga cikin ma'aikatun jiha. Gidan gado ne a tsakiyar gari, ya gyara wani sashe ya yi masa rufin kankare da matakala. Bazara ta kama, zafi ya hana shi sakat, man janareta kuma sai an kwana a layi. Yana da aboki, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, wanda ya ce idan abin ya yi aiki shi ma a zo a yi masa. Ranar da za mu fara, Injiniya ya kira ni gefe.

"Lawali, wanga shi na gwajinka," in ji shi. "In ya yi, na buɗe maka sashen sola, kai ka riƙe shi. In bai yi ba, ka koma naɗin hwanka, kuma kada in ƙara jin rana ta hito bakinka, ko da barka da rana ce."

Na ce na yarda. A raina ma har na fara tunanin irin fentin da za a rubuta sunan sashen da shi.

Bari in bayyana yadda aikin yake, don waɗanda ba 'yan sana'a ba. Fanel shi ne allon gilashin nan baƙi mai shan hasken rana. Mun ɗora guda biyu a kan ƙafafun ƙarfe, a gefen rufin da rana ta fi daɗewa, mun ɗan karkata su kaɗan suna kallon kudu. Daga nan waya ta sauko zuwa kwantirola, wato akwatin da ke tsare batir kada ya cika ya wuce kima ko ya zube ƙarƙaf. Batir da kwantirola muka ajiye su cikin gida, a ƙarƙashin matakala inda akwai inuwa. Abin da batir ya tara da rana, shi ake ci da dare, babu ƙari. Saboda haka muka cire ƙwayayen nan masu zafi masu cin wuta, muka sa dogayen fitilu: ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a zaure, biyu a falon Alhaji, ɗaya a ɗakinsa, sai fanka a zaure da wata a ɗaki. Na zaunar da Alhaji na karanta masa dokoki kamar mai wa'azi. Ba dutsen guga, ba firij, duk ɗakin da aka fita a kashe fitila. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na gane, Malam Lawali, na gane sarai."

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a koya mini a Kaduna ba, amma kowane ɗan gari ya san ta. A tsohuwar unguwa gidaje manne suke da juna, duk wanda ya hau rufi yana kallon tsakar gidan maƙwabta. Don haka namiji ba ya hawa sai an yi sanarwa, ko da mai gidan ne da kansa. A gidan Alhaji wannan aikin Baba Nomau ne, tsohon mai gadi, siriri kamar sanda amma da murya kamar ta mai shelar kasuwa. Zai tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya kwarara ihu, "Maza za su shigo! Maza za su hau bisa!" Sannan ya zagaya gidan dama da na hagu ya maimaita. Ku kuma ku zauna a zaure ku jira, har sai an aiko daga ciki an ce bismillah. Jiran yakan kai a sha shayi a ƙare. Ban taɓa ganin aibin wannan jira ba, ni ma haka zan so a yi wa gidana.

Daren farko abin ya yi kyau har Alhaji ya aiko mana da goro. Na yi kwana biyu ina tafiya a shago kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Mako bai cika ba sai ga saƙo: wuta na ɗaukewa ana idar da sallar isha'i, fanka ta tsaya cak, Alhaji ya koma kwana a tabarma a waje.

Na hau babur na je. Baba Nomau ya yi ihunsa, muka jira, aka ce bismillah. Na hau rufi na tarar da fanel suna walƙiya, ko ƙura babu, har da ɗan damshi alamar an goge. Na sa mita, allura ta miƙe tsaye. Na sauko wurin batir, ga caji yana shiga yadda ake so. Na dawo zaure na ce, cikin ladabi, ko dai wani yana ɗan sa dutsen guga a ɓoye? Alhaji ya ɓata rai ya ce gidansa da dutsen gawayi ake guga tun kafin a haife ni. Na ba da haƙuri. Har na yaba masa, na ce ban taɓa ganin rufi mai tsabta irin nasa ba.

Zuwa na biyu na canza batir. Zuwa na uku na canza kwantirola, na bi waya taku-taku ko wani maƙwabci ya ɗan ja layi, ban ga komai ba. A wannan karon Injiniya da kansa ya zo, ya tattare babbar riga ya hau matakala yana haki, ya auna da hannunsa, ya sauko yana sosa ƙeya. Duk lokacin da muke wurin, komai lafiya lau. Da mun juya baya sai wuta ta ce ga garinku nan. A shago kuwa na zama abin nishaɗi. Da na shigo sai wani ya ce, "Mai Rana, yau ma ranar taka ta makara?" Wani kuma ya ce in nemi malami, wataƙila mutanen ɓoye ne ke shan cajin. Ni dai sai dariyar yaƙe.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai a wannan zirga-zirga. Duk zuwan da na yi, idan zan tafi sai Baba Nomau ya miƙo mini ƙulli ya ce, "Hajiya Kulu tac ce a kai wa iyali, tac ce sannu da wahala." Hajiya Kulu ita ce uwargidan Alhaji, ban taɓa ganinta ba. Ƙullin kuwa kauɗa ce, busasshen tumatir, ja wur. Lokacin tumatir ya yi arha, motoci na ta shigo da kwanduna daga fadamu, kowace mace na yanka tana shanya don ajiyar damina. Nakan rataya ƙullin a babur in kai wa matata Luba, ban ƙara tunawa da shi.

Ran wata Laraba Alhaji ya zo shago da kansa. Bai ko zauna ba.

"Injiniya, gobe ku zo ku kwashe abinku," in ji shi. "Jumu'a Alhaji Mamman zai zo daga Tsahe ganin abin mamaki. Ba ni son shi iske ni ina gumi ƙarƙashin hwankar da ba ta motsi. Gara in ce mai ban sa ba."

Injiniya ya kalli teburin naɗin fanka, ni ma na kalla, muka fahimci juna.

Da na koma Bunguɗu Luba ta kawo tuwo da miyar kauɗa, na kasa ci. Na gaya mata gobe za a rufe babin rana. Na ɗauka za ta yi ta lallashi, sai na ji ta ɗauko wata magana daban.

"To in gobe na zuwanka na ƙarshe, sai ka tahi da ni. Sau nawa baiwar Allah ga tana aiko muna da kauɗa, ban taka na yi godiya ba? Ai abin kunya na."

"Luba, jana'izar aikina za ni, ke kina zancen kauɗa?"

"Ko jana'iza ta, ai ana gaisuwa," in ji ta. "Kuma ina son in tambaye ta wada taka shanya. Ka ci miyag ga ka ji, ko tsakuwa guda babu."

Ban da ƙarfin gardama. Da safe ta ƙulla daddawa don tukuici, ta hau bayan babur, muka kama hanyar Gusau. Ita tana ta lissafa irin gaisuwar da za ta yi, ni ina lissafa irin tsiyar da za a yi mini a shago.

Mun isa da hantsi ya ɗaga sosai. Injiniya ya riga mu zuwa da a-kori-kura don kwasar kaya, Alhaji kuma ya nemi izini daga ofis. Luba ta gaishe su ta shige ciki abinta, don mace ba ta buƙatar sanarwa. Mu muka zauna a zaure, aka kawo fura. Alhaji ya ce a sha tukuna kafin Baba Nomau ya yi shela, tunda rabuwa za a yi, a rabu da daɗi. Ina cikin juya ludayi sai Baba Nomau ya leƙo ya ce, "Malam Lawali, iyalinka na magana."

Na same ta a lungun da ke tsakanin zaure da cikin gida, idanunta na ƙyalli kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Malam, don Allah kada ku kwashe injin ga," ta ce da raɗa.

"Wane inji?"

"Injin shanyar Hajiya mana! Yanzu ta kai ni bisa na gani. Baƙin gilashi guda biyu, bisa ƙahwahu, kaji ba su kai, yashi ba shi hawa, ga zahi awa tanda. Guda an cika shi da tumatir ɗinta, guda kuma na maƙwabta na, bi da bi suka yi, yau mai tattasai ad da layi. Ko wurin aje yatsa babu. Kai da kaka aikin lantarki, ka rasa samo min ko guda?"

Na ce, "Tsaya. Ni duk zuwan da na yi ban taɓa ganin ko ƙwayar tumatir a rufin nan ba."

"Ina za ka gani? Da Baba ya yi shela sai su yi maza su kwashe, su sa tsumma su goge shi tas. Tac ce ba ta yarda baƙi su iske mata wuri da datti."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Dariya ta kama ni har hawaye, ina riƙe ciki, Luba na cewa in rufa mata asiri a gidan mutane. Wato batir ɗin da na canza, kwantirolar da na zarga, maƙwabcin da na yi wa mummunan zato, duk ba ruwansu. Kullum rana na fitowa, tumatir na shanye ta. Kuma abin da ya hana ni barci, ni ne nake rataya shi a babur in kai gida, a yi mini miya da shi in lashe kwano.

Da dariyar ta lafa sai na ga ashe da sauran aiki. Ba zan iya cewa Alhaji ya hau ya gani ba, don ko shi sai an yi shela, ga kuma matan maƙwabta a kan rufin. Da an yi shela kuwa shaida ta tafi. Ba kuma zan tsaya a gaban mutum in ce matarsa ce ta ɓata aiki ba, ba tare da ya ga komai da idonsa ba. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na koma zaure, na buɗe makunnin fanka, na maƙala mita a wayar da ta taho daga batir, na ajiye ta a tsakiyar tabarma. Allura na kwance can ƙasa.

"Alhaji, alfarma guda nika nema," na ce. "A yi shela awa kullum, amma ba mu hawa. Mu zauna nan mu dibi allurag ga."

Injiniya ya harare ni. Alhaji ya ce, "Yau kuma duba muka koma?" Amma ya yi wa Baba Nomau alama. Tsoho ya gyara tsayuwa ya buɗe maƙogwaro, "Maza za su shigo! Maza za su hau bisa!"

Nan take muka ji gida ya rikice daga sama: takun ƙafafu, ƙarar faranti, wata na cewa a miƙo mata tire, wata na ƙyalƙyala dariya. Mu uku mun dafa gwiwa mun ƙura wa mita ido. Sai allura ta motsa. Ta ɗan ɗaga, ta tsaya, ta ƙara ɗagawa, tana hawa sannu a hankali kamar tsohuwa a matakala. Can bayan ɗan lokaci sai muka ji ƙit, fankar da ke saman kanmu ta juya sau ɗaya, ta sake juyawa, ta kama gudu.

Alhaji ya kalli fanka, ya kalli mita, ya kalli Baba Nomau.

"La'ilaha illallahu! Nomau, ashe muryarka ta ka cajin batir? Injiniya, ku kwashe gilashinku ku bar min tsohona!"

Baba Nomau ya ce shi wallahi bai taɓa komai ba. Ni kuwa dariya ta dawo mini sabuwa, da ƙyar na iya ba su labari. Injiniya, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a wurin aiki ba, ya kwanta a tabarma yana buga ƙafa. Alhaji ya yi dariya har ya shaƙe da fura, sannan ya share ido ya ce rabonsa da hawa rufin nan tun ranar da magina suka sauka.

Ni a zatona magana ta ƙare, sashen sola ya tabbata. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Alhaji ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito fuskarsa ba dariya. Ya ce Hajiya na son magana da mai aikin. Na je lungun nan na tsaya, ita tana bayan labule, Luba na gefenta. Muka gaisa, na yi godiyar kauɗa, na ji Luba tana danne dariya.

"Malam Lawali," in ji Hajiya Kulu, muryarta a natse, "wurin da kunka aza abinku, nan nika shanya tun da anka yi ruhin ga. Nan rana ta fi zama. Kun zo kun tare shi, ba wanda yac ce min kanzil. Na tambayi Alhaji mi na na wanga, yac ce abin tara rana na. Nic ce to madalla, an tuna da ni. Ina goge shi sahe da marece awa madubin aurena. Yanzu kuma an ce ni aɓ ɓata shi?"

Na ce ba ta ɓata komai ba, hasali ma ban taɓa ganin fanel da ya samu gata irin nata ba. Na bayyana mata cewa haske yake ci ba zafi ba, duk abin da ya rufe shi ya rufe masa baki. Na karanta mata duk dokokin da na karanta wa Alhaji. Ita ba ta ce ta gane ba, tambayoyi ta yi ta jero mini: inuwar igiyar shanya tana hana shi? Idan hadari ya taso fa? Da ruwa zalla za a goge ko da sabulu? Na amsa iya sanina. Sai ta ce, "To wutar da shika tarawa, ina da ina taka zuwa?"

Na lissafa mata da alfahari: ƙofar gida, zaure, falo, ɗakin Alhaji.

"Madahi hwa?" in ji ta.

Babu ko waya a madafi. Ba wanda ya ce a sa, ni ma ban tambaya ba.

"Wato a ɗauke min wurin shanya, a ɗebi rana bisa kaina a kai zaure, ni kuma in ci gaba da tuƙa tuwo da fitilar kananzir. To ku kwashe abinku, Allah shi ba da lada."

Alhaji, da ke tsaye a bayana, ya ɗaga hannu ya ce shi ba ruwansa. Ya ce zai iya jure zafi, amma ba zai iya jure gidan da aka ɓata wa mai miya rai ba. Idan Hajiya ta ce a kwashe, a kwashe. Na hango teburin naɗin fanka yana yi mini murmushi daga nesa. Gaskiya na ji tsoro, kuma na ji kunya, don maganarta babu inda za ka kama ka ce ba daidai ba.

Na ce, "Hajiya, a ba ni dama in gyara biyu. Na ɗaya, zan haɗa miki abin shanya naki na kanki, da baƙin kwano a ƙasa da gilashi a bisa da raga a gefe, ko ƙuda ba shi shiga. Na biyu, yau kahin magariba akwai fitila a madahi." Sannan na juya wurin Alhaji na ce masa batir ba ya ɗaukar ƙari, abin da aka tuƙa shi za a raba. Idan fitila za ta shiga madafi, sai wata ta fita daga wani wuri. Ya tambaya wacce. Na ce falonsa na da biyu.

Ya yi ɗan tsaki, ya shafa gemu, ya ce dama ɗayar tana shigar masa ido. Daga bayan labule aka ce, "To na ba ku aron rana har abin shanyata shi iso. In bai iso ba, tumatir na komawa." Injiniya ya yi maza ya ce shi da kansa zai tsaya a kan kafinta.

A-kori-kurar da ta zo kwasar kaya ita ta tafi kasuwa ɗauko katako. Ni kuma aka sake yin shela, na shiga na cire fitila ɗaya daga falo, na ja waya ta bi bango har madafi. Bangon ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, ga ƙusar da ake rataya fitilar kananzir. A saman wannan ƙusar na kafa doguwar fitilar. Na nuna wa Luba makunni don ta nuna wa Hajiya, na fito. Daga azahar zuwa faɗuwar rana fanel suka sha haske ba mai tare su. Muna zaure bayan sallar magariba sai muka ji guɗa ta tashi daga cikin gida, maƙwabta suka amsa ta kan katanga. Baba Nomau ya ce ko ranar da aka kawo amarya gidan ba a yi irin wannan ba.

Ran Juma'a Alhaji Mamman ya zo daga Tsafe, ya zauna a ƙarƙashin fanka har hularsa na rawa, aka ba shi labari ya yi dariya ya gode Allah. Ya ce a je a yi masa. Amma labari ya riga mu isa Tsafe ta bakin mata. Da muka je aunin gida, saƙon farko da ya fito daga ciki shi ne, a fara da madafi, kuma kada a manta da abin shanya. Injiniya ya buɗe mini sashen sola kamar yadda ya yi alkawari. Sunan Mai Rana ya bi ni har yau, sai dai 'yan shago sun ɗan yi masa gyara na wani lokaci, suna kirana Mai Kauɗa. Luba ma ba ta bar ni na huta ba sai da na haɗa mata nata abin shanyar a Bunguɗu.

Ku matasa kuna yi mini dariya idan mun je sabon gida, kun zaro tef kuna neman kudu, ni kuma na tsaya ina tambayar wa ke shanya a gidan nan, wa ke girki, wa ke wuni a ciki. To ga dalili. Mai gida shi ke kiran ka, shi ke zama da kai a zaure, amma sau da yawa bai san rufinsa ba, kuma ba shi zai wuni da abin da ka kafa ba. Mita tana gaya maka abin da ke cikin waya, ba ta gaya maka wanda ka tare wa rana. Mutanenmu kuma ba mugunta ke ɓata musu kaya ba. Sau da yawa ladabi ne da tsabta da son kyautata wa baƙo, sai rashin wanda ya tsaya ya yi musu bayani. Ka nemi izini, ka tsaya a bakin labule, ka yi magana da masu gidan na gaskiya.

A kan hanyarmu ta komawa Bunguɗu ran Alhamis ɗin nan, na tambayi Luba me Hajiya ta ce da fitila ta kama. Ta ce da farko ana ta guɗa, Hajiya tana tsaye da ludayi a hannu. Sai ta buɗe tukunya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka miyata take da ja."